Lambar ƙofa da zuwan sufeto: yadda aikin gidan hayarmu ke tafiya

4 ga Maris

Takardar ofishin kula da gidaje na birni ta iso. Ni da Yayana mun haɗa kuɗi mun sayi wani tsohon gida mai hawa biyu a nan Amurka a ƙarshen bara, sashe ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kuma duka biyun mun tarar da 'yan haya a ciki. A dokar birnin da muke, lasisin ba da haya ba ya bin gida idan an sayar da shi. Sabon mai gida sai ya nemi nasa, kuma ba za a ba shi ba sai sufeto ya shiga ya duba. An sa mana ranar 2 ga Mayu. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, domin akwai 'yan'uwa da dama da suka fara sa jarinsu a gidajen haya a ƙasar nan, kuma da yawa ba sa jin labarin waɗannan ƙa'idoji sai takardar tara ta same su.

Babu doka guda da ta game ƙasar kan wannan batu. Kowace majalisar birni ita ke tsara nata, shi ya sa abin da ya wajaba a wannan gefen titi zai iya zama ba dole ba a wancan gefen, idan iyakar birane biyu ta ratsa ta nan. Sai dai birane da yawa ba sa zama su rubuta daga farko. Suna ɗauko kundin kula da gine-gine da ake kira IPMC, wanda ƙungiyar International Code Council ke fitarwa tana sabunta shi duk shekara 3, su yi masa ƙari da ragi, sannan su mayar da shi dokarsu. Namu birnin haka ya yi. Saboda haka sai na ajiye takardu biyu a gabana: kundin kansa, da gyare-gyaren da majalisar birni ta yi masa. Wanda ya karanta na farko kawai zai tsallake abubuwa, don na biyun ne ke da ƙarfin doka a ƙofar gidansa.

9 ga Maris

Na fara da lambar gida, tunda ita ce ta farko a jerin da suka aiko.

Sashe na 304.3 na kundin gajere ne ƙwarai. Lamba ta kasance inda za a iya karanta ta sarai daga titin da gidan ke fuskanta. Launinta ya bambanta da na bangon da take kai. Tsayin kowane adadi kada ya gaza inci 4, kaurin zanensa kuma kada ya gaza rabin inci. Kundin kashe gobara na ƙungiyar, a sashe na 505.1, ya ƙara da cewa ba a rubuta lamba da kalmomi, sai da alƙaluma, kuma idan gida yana can ciki ta yadda ba a hango shi daga hanya, to a kafa allo ko ginshiƙi a bakin hanyar.

Abin da muka gada a jikin gidan ya saɓa kusan duka. Ƙananan lambobi ne na tagulla da suka yi baƙi, an kafa su a kan katako mai ruwan ƙasa, ga wata bishiyar ado da ta girma ta rufe rabinsu. Na tsaya a tsallaken titi bayan magariba, na san lambar a kaina amma ban iya karanta ta ba.

Yaya ya ga wannan ƙaramin abu ne. Ya ce, "Kai dai kana son wahalar da kanka. Yanzu da waya ke kai kowa ko'ina, wa ke duban lamba?"

Na ce, "Yaya, waya takan kai mutum layin ne. Gane ƙofa kuwa sai da ido."

Ba mai kawo saƙo ne a raina ba. Tsohuwar da ke haya a sashen ƙasa ita kaɗai take kwana. Idan ta kira 911, lambar neman agajin gaggawa, da tsakar dare, direban motar asibiti zai shigo layin da gidajensa duk kamarsu ɗaya, yana tafe yana leƙe ta taga. Ƙa'idar NFPA 1710, wadda yawancin manyan rundunonin kwana-kwana ke auna kansu da ita, ta sa burin motar farko ta isa wurin cikin minti 4 na tafiya. Likitocin zuciya kuma sun daɗe suna cewa wanda zuciyarsa ta tsaya, duk minti ɗaya da ya wuce ba a fara taimakonsa ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Birni ya sayi motoci, ya horar da mutane, ya gina tashoshi don a rage daƙiƙu, sai a zo a zubar da minti guda a bakin ƙofa saboda mai gida bai datse reshe ba. Wannan inci 4 ɗin shi ne ɓangaren aikin ceto da ya faɗo a wuyana, kuma babu wanda zai yi mini shi.

Na sayi farare masu ɗaukar haske, inci 6, tunda gidan ya ɗan ja baya daga titi kuma doka mafi ƙanƙanta kawai ta faɗa. Na ɗora su a kan baƙin allo a ƙarƙashin fitilar ƙofa, na datse bishiyar. Birninmu ya ƙara sharuɗɗa biyu da babu su a kundin asali: gidan da ke da lungu a bayansa sai an sa lamba ta can ma, kuma kowane sashe sai an rubuta nasa a ƙofarsa. Na biyun ya fi damuna, domin ƙofar masu sama tana gefen gida ne, wanda bai sani ba zai yi ta buga ƙofar tsohuwa alhali masu kiran suna sama. Na sa 1 da 2, da kibiya mai nuna hanyar gefe. Ta lungu tana jiran kafinta ya gyara katangar da za ta hau.

17 ga Maris

Na kai wa 'yan haya sanarwa a rubuce, na kuma zauna da kowannensu. Gida nawa ne a takarda, amma ɗaki nasu ne, ba a faɗa musu kai tsaye. Jihohi da yawa sun ƙayyade wa'adin sanarwa kafin mai gida ya shiga: a Kalifoniya awa 24 ake ɗauka a matsayin daidai, a jihar Washington kwana 2.

Tsohuwar ƙasa ba ta ji daɗi ba. Tsoronta biyu ne, kuma duka biyun suna da tushe: kada a ga wani aibi a ce gidan bai zaunu ba ta rasa wurin zama, ko a sa mu gyara mu huce a kan kuɗin haya. Ta tambaye ni ko dole ne ta buɗe. Na gaya mata gaskiya, tana da ikon ƙi. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Camara, wani ɗan haya a San Faransisko da ya hana sufeton gidaje shiga wurinsa ba tare da izinin kotu ba, aka gurfanar da shi. Kotun ta ce kariyar da tsarin mulki ya ba mutum daga binciken gidansa ba ta tsaya kan 'yan sanda kaɗai ba, ta haɗa da jami'in duba gini. Sai dai a hukuncin dai ta sauƙaƙa wa birane: ba sai sun nuna shaidar laifi a wannan gidan ba, ya isa su nuna suna bin tsari mai ma'ana, misali shekarun da suka shuɗe ba a duba ba, ko irin ginin, ko yanayin unguwar. Wato ƙin buɗewa yakan jinkirta ne kawai. Na yi mata alkawari a rubuce cewa kuɗin hayarta ba zai motsa ba har ƙarshen yarjejeniyarta, kuma zan kasance a wurin ranar. Ta yarda.

Masu sama, miji da mata da ɗansu da bai kai shekara biyu ba, su kam kamar jira suke. Matar ta ɗauko takarda ta miƙo mini: tagar da ba ta buɗuwa, soket ɗin kicin mai tartsatsi, ruwan zafin da ke yankewa, fentin da ke zuba a bakin taga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tambaye ta ko sun taɓa kai ƙarar tsohon mai gidan. Ta ce sun yi ta tunanin haka, amma wa zai kai ƙarar wanda ke riƙe da makullin kwanansa?

Wannan amsar ta tsaya mini, don ita ce dalilin tsarin gaba ɗaya. Hanya biyu birane ke bi. Wasu sai an kira su an yi ƙorafi suke zuwa. Wasu kuma suna zagayawa kan lokaci, ko an kira ko ba a kira ba. A takarda, ɗan haya mai ƙorafi yana da kariya. Tun 1968, a shari'ar Edwards da Habib, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washington ta hana mai gida korar ɗan haya don ya kai rahoton lalacewar gida, kuma yawancin jihohi sun bi sahu. Amma wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, ko ba ya jin harshen, ko ake bin sa kuɗin wata guda, ba zai ɗaga waya ba komai kyan dokar. Gidajen da suka fi lalacewa su ne waɗanda ba a jin ƙorafi daga cikinsu. Shi ya sa Los Anjalas ta fara zagayen duba gine-ginen haya masu sashe biyu ko fiye a 1998. Siyatil tana buƙatar a yi wa kowane gidan haya rajista, a kuma duba shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5 zuwa 10. Tsarin Miniyafolis ya fi kwanta mini: ta raba gidaje mataki uku, mai tarihi mai kyau a duba shi duk shekara 8, na tsakiya duk shekara 5, mai yawan matsala duk shekara. Ƙafar sufeto ta fi zuwa inda ake bukatarta, mai kula da gidansa kuma ya huta.

28 ga Maris

Makon gobara. Ƙararrawar hayaƙi ana son ta a cikin kowane ɗakin kwana, da wajen ɗakunan kwana, da kowane hawa har da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tana tsufa. A bayanta akwai ranar da aka ƙera ta, kuma bayan shekara 10 sai a sauya ta ko da tana kuka idan an danna, domin dannawar batir da amon take gwadawa, ba hancinta ba. Waɗanda na sauke duk sun wuce wa'adi, ɗaya ma babu batir a cikinta. Na sa sababbi masu batir a rufe, wanda ba a cire shi a sa a rimot. Na ƙara na'urar gano iskar kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana, tunda injin ɗumama gidan da tankin ruwan zafi duk da gas suke aiki, ita kuwa wannan iska ba ta da wari ba ta da launi.

Ƙofar baya tana da kwado mai buƙatar makulli ciki da waje. An sa shi ne don ɓarayi, saboda akwai gilashi kusa da shi. Kundin ya hana: ƙofar fita dole ta buɗu daga ciki ba makulli, ba dabara. Haka ƙarafen da ke tagar ɗakin kwanan tsohuwa, sai dai irin waɗanda ake saki daga ciki. Ta so a bar mata su, kuma na fahimce ta, tsoron ɓarawo kullum ne, gobara kuwa ba a tuna ta. Mun daidaita a kan masu sakata ta ciki, na sa ta gwada buɗewa da hannunta har ta gamsu.

Matakalar gefe tana da hawa fiye da 4, don haka sai da abin riƙo. Kafinta ya sa.

6 ga Afrilu

Mai gyaran wuta ya sauya soket na kicin da banɗaki zuwa irin masu katse wuta da kansu idan ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. Mai gyaran famfo ya sa wa bawul ɗin tankin ruwan zafi bututun da ke sauke tururi ƙasa, ya kuma gano abin da ke yanke ruwan masu sama. Kundin yana son ruwan zafi ya kai digiri 110 a ma'aunin Faranhait, kusan 43 a Salshiyas. Yanzu yana kaiwa. Lambar lungu ta hau.

19 ga Afrilu

Fenti. Nan ne aikin ya yi nauyi, kuma nan ne kawai dokar tarayya ta shigo kai tsaye.

An gina gidan tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a gidaje ba sai 1978, saboda haka duk gidan da ya girmi wannan shekara ana ɗaukarsa da zato. Dokar 1992 ta wajabta wa mai gida ya gaya wa ɗan haya abin da ya sani game da dalma a gidan kafin a sa hannu, ya ba shi ɗan littafin gargaɗi na hukumar kare muhalli, ya kuma adana takardar shaida shekara 3. Masu sama sun ce ba a taɓa ba su komai ba.

Mun kira ƙwararre ya auna, ya samu dalma a tagogin sama. Haɗarin ba a ɓawon fentin da ake gani kaɗai yake ba. Tsohuwar tagar katako da ake turawa sama da ƙasa tana goga fentin ya zama ƙura, ƙurar ta sauka a bakin taga da daɓe, yaro mai rarrafe ya shafa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ce babu wani adadi a jinin yaro da za a ce ba komai, kuma a 2021 ta sauke ma'aunin da ake fara bibiya a kai zuwa maikirogiram 3.5 a kowace desilita. Na roƙi iyayen su sa likita ya gwada jinin yaron, sun ce za su yi.

Yaya ya ce mu kankare mu shafa sabo a ƙarshen mako. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ba namu ba ne." Kankarewa a bushe ita ce hanya mafi sauri ta cika gida da ƙurar. Tun 2010 dokar hukumar kare muhalli ta ce duk aikin da zai taɓa fenti fiye da murabba'in ƙafa 6 a ɗaki, ko sauya taga komai ƙanƙantarta, a gidan haya da ya girmi 1978, sai mai takardar horo. Wannan ya haɗa da mai gida idan shi zai yi da hannunsa. Ya yi shiru, sannan ya ce a nemo masu aikin.

Abin da ya dame ni shi ne jerin birninmu fenti mai ɓarewa kawai yake nema, da ido. Da mun shafe saman, da mun wuce. Birnin Rochester na jihar New York ya gane wannan giɓin, dokarsa da ta fara aiki a 2006 ta sa a unguwanni masu haɗari ana shafo ƙurar daɓe da bakin taga a kai ɗakin gwaji, ko da fentin ya yi kyau a ido. Ina ganin duk birni mai tsofaffin gidaje ya kamata ya yi haka.

2 ga Mayu

Sufeto ta zo, mace ce mai natsuwa. Tun daga mota ta fara: ta tsaya a titi ta dubi lamba, ta zagaya lungu ta dubi ɗayar. A ciki ta danna kowace ƙararrawa, ta buɗe kowace taga, ta kunna famfo, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta girgiza abin riƙon matakala. Na lura tana tambayar 'yan haya kai tsaye, ba ni ba, ko akwai abin da ke damunsu, kuma ta ba kowa katinta.

Ta daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Akwai wani ɗaki da tsohon mai gidan ya keɓe, da alama an taɓa kwana a ciki. Ta auna silin, bai kai ƙafa 7 da ake buƙata ba, tagar kuma 'yar ƙarama ce can sama, babba ba zai fita ta nan ba. Ta rubuta cewa ba na kwana ba ne, sai dai ajiya. Yaya ya taɓa tunanin mu gyara shi mu ƙara ɗan haya. Da ya tsaya a ciki, ga injin ɗumama gida a bakin ƙofa ɗaya tilo, shi da kansa ya ce a bar maganar.

Abin da ta rubuta mu gyara: tagogin sama, wani bututun ruwan sama da ke zuba a gindin bango, da tsagewar siminti a matakalar gaba. Ta ba da kwana 30, da damar neman ƙari idan an nuna yarjejeniya da ɗan kwangila.

Na fito ina girmama aikin, amma na ga iyakarsa. Abin da ido ya gani a rana ɗaya ne. Kundin ya ce mai gida ya iya riƙe ɗaki a digiri 68 na Faranhait, wato 20 a Salshiyas, lokacin sanyi, amma a watan Mayu wa zai tabbatar? Wayoyin da ke cikin bango ba ta gan su ba. Kuma tsoron tsohuwa yana nan: kuɗin gyara dole ya fito daga wani wuri, kuma a gidaje da yawa daga aljihun ɗan haya yake fitowa. Birnin da ya tsananta dubawa bai tanadi rance mai sauƙi ga ƙananan masu gidaje ba, ko wurin saukar waɗanda aka rufe gidansu, ya yi rabin aiki ne.

20 ga Mayu

Bututu da siminti sun kammala, na aika hotuna. Tagogi sun ja lokaci, domin masu takardar aikin dalma ba su da yawa kuma layi ake bi. Mun sa hannu da wani kamfani, na miƙa yarjejeniyar, an ƙara mana wa'adi zuwa tsakiyar Yuli. An ba mu lasisi na wucin gadi kafin nan.

Kafin ranar aikin, an rufe tagogin da abin ya shafa ba a motsa su, sai ta ɗakin kwana da aka bari saboda fita, wadda kamfanin ya lulluɓe gefenta. Ana goge daɓe da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma, ba a shara a bushe. Masu sama za su bar gidan kwanakin da za a yi aikin, mu za mu biya masaukinsu, kuma ba za su dawo ba sai gwajin ƙura ya fito da kyau. Sakamakon jinin yaron bai fito ba tukuna.

Saura a kira mai duba injin ɗumama gida a watan Satumba, kafin a kunna shi, sannan in ajiye ma'aunin zafi a kowane sashe in ga abin da zai nuna a Janairu.